Dakta Ladi da Tsokar Bayan Tumbi

A Ƙofar Kaura, cikin birnin Katsina, aka haifi Dakta Ladi Bulus, ranar wata Lahadi a shekarar 1973, kuma har yau a unguwar take zaune, layi biyu daga gidan da ta tashi. Ni ɗalibarta ce, sunana Rahama. Shekara goma sha biyar ke nan ina aiki tare da ita. Abin da zan faɗa a kanta, wani na gani da idona, wani kuma ita ta ba ni da bakinta a lokutan da muke zaune muna jiran na'ura ta gama aikinta.

Mahaifinta, Malam Bulus, kafinta ne mutumin Kagoro. Aikin gwamnati ya kawo shi Katsina, yana yi wa makarantu bencina da tagogi. Dogo ne siriri, mai yawan tafiyar ƙasa. Ladi tana aji huɗu na sakandare ya fara ramewa. Ƙishirwa ba ta sakinsa, ya sha ruwa ya sake sha, fitsari kuma ba hutu. Da aka je asibiti aka ce ciwon suga ne. Maƙwabta suka yi ta mamaki, don a lokacin ana ganin ciwon na masu ƙiba ne da masu cin daɗi. Likita ya yi musu bayani cewa akwai wata tsoka a cikin ciki mai yin wani sinadari da ake kira insulin, shi ne ke ɗauke suga daga jini ya kai wa jiki. Ya ce ta Malam Bulus ta mutu, ba za ta dawo ba, sai allura har ƙarshen rayuwa. Ladi ce ta koyi yi masa allurar, saboda hannun mahaifiyarta rawa yake da zarar ta ga tsinin.

Bayan wata bakwai sai ya fara faɗuwa. Wata rana da hantsi yana fere ƙofa, gumi ya karyo masa, ya zube a kan katako. Aka auna aka ga sugan ya yi ƙasa ƙwarai, wato allurar ta yi masa yawa. Aka rage, aka sake ragewa, har aka daina gaba ɗaya. Shekara tara ya yi ba allura kafin ciwon ya dawo. A coci aka yi addu'ar godiya. Wani maƙwabcinsu ya ce ganyen da ya kawo ne ya yi aiki. Likitan kuwa ya ce mai yiwuwa tun farko an yi kuskuren gwaji. Ladi ba ta musa wa kowa ba, amma tambaya ɗaya ta zauna mata: idan tsokar ta mutu kamar yadda aka ce, wa ya ci gaba da yin aikinta shekara tara?

Ta yi digirinta na farko a Zariya, ta dawo ta koyar da ilimin halittu a sakandare, ta auri Malam Ezekiel, malamin lissafi. Shekara guda bayan rasuwar mahaifinta ta samu gurbin karatu a ƙasar Suwidin. A can ta yi shekara huɗu a kan wannan tsoka, wadda likitoci ke kira fankiriyas. A cikinta akwai 'yan dunƙule-dunƙulen ƙwayoyin halitta a warwatse, ido ba ya ganinsu, masana suna ce musu tsibirai, kuma su ne ke yin insulin. Ladi ta koyi yadda ake narkar da tsokar da wani ruwan magani a fito da tsibiran da ransu, a ajiye su a faranti, a ba su suga a ga yadda za su amsa. Da ta ba malaminta labarin mahaifinta, ya ce da wuya su ga irin wannan a ƙasarsu, idan tana son amsa sai ta je inda masu ciwon suke. A 2007 ta dawo Katsina da madubin ƙara girma a jakar hannunta, don ba ta yarda a jefa shi cikin kaya ba.

Jami'ar da ta ɗauke ta ta ba ta wani ɗaki da a da sito ne, da firji guda. Ba ta da hanyar samun fankiriyas na mutum, sai ta ce za ta fara da na awaki da tumaki. Ran nan da sassafe Malam Ezekiel ya sauke ta a bakin kwata, sanye da takalmin roba, riƙe da kula cike da ƙanƙara. Aka nuna mata Malam Dabo, wani dattijon mahauci da ya shekara talatin yana fiɗa.

"Ina kwana, Malam. An tashi lafiya? Ya aiki, ya iyali?"

"Lafiya lau, Hajiya. Ya gida, ya yara?"

"Lafiya ƙalau. Ba Hajiya ba ce, Ladi sunana."

"To, Malama Ladi, mi za a ba ki? Hanta ko tumbi?"

Ta kwatanta masa abin da take nema. Ya ce ai saifa take nufi, ya ɗauko mata. Ta ce ba ita ba ce. Ta sa safar hannu ta durƙusa gaban kayan cikin wata akuya, ta ɗaga tumbi, ta nuna masa wata tsoka mai laushi, fara-fara, manne da farkon hanji.

Malam Dabo ya dube ta. "Wannan? Mu ai ba mu ɗauke ta nama ba, da kitse take tafiya. Mi za ki yi da ita?"

Ta ce tana son ta cikin minti goma da yanka, ba a tsaga ta ba, ba a huda hanji ya ɓata ta ba. Ya ciro mata, ta sa a ƙanƙara ta tafi. Haka ta riƙa zuwa sau uku a mako. Ba a yi wata biyu ba magana ta fara yawo a kwata cewa matar nan asiri take haɗawa, in ba haka ba me mace mai karatu za ta yi da abin da ko kare bai damu da shi ba? Wata safiya Malam Dabo ya gaya mata cikin ladabi cewa manyansu sun ce a dakata.

Ba ta kai ƙara ko'ina ba. Ta ce masa, "Malam, ka zo ka ga abin da nake yi da ita. In ka gani ka ce a daina, na daina."

Ya zo ranar Asabar da farar riga da hula. Ta ɗiga wani jan rini a faranti, wanda tsibiran kaɗai yake kamawa, ta gyara masa madubi. Ya daɗe yana lalube kafin idonsa ya daidaita. Can sai ya gani.

"Kamar an watsa jar dawa a faifai," in ji shi. "Duk wannan a cikin akuyar da na yanka ɗazu?"

"Kuma akwai irinsu a cikinka, Malam. Su ne in suka gaza ake samun ciwon suga."

Ya ɗago kansa daga madubin ya zauna. Ya ce yayarsa Hauwa'u ciwon nan ne ya ci mata ƙafa, aka yanke, kuma har ta rasu ba wanda ya taɓa gaya musu daga ina abin yake tasowa. Ranar Litinin da ta je kwata ta tarar ya riga ya yi magana da Sarkin Fawa. Daga nan shi da kansa yake ciro mata, kuma ya gano hanyar cirewa da yanka biyu kacal, wadda ta fi wadda aka koya mata a Turai sauri. Hanyarsa muke koya wa ɗalibai har yanzu.

Ni a 2010 na zo wurinta, daga Ƙofar Durbi, da digirina sabo da tsoron jan bironta, wanda na riga na ji labarinsa. Ba ta iya yabo ba. Idan aikinka ya yi kyau sai ta ce, "To, ci gaba." Idan bai yi ba, takardarka za ta dawo kamar an yanka kaza a kai. Na tarar da ita cikin wata matsala da ta hana ta sakat. Wata rana tsibiran da muka ciro za su amsa suga su zubo insulin yadda ya kamata. Wata rana kuma ga su da rai, lafiyayyu a ido, amma ko ɗigo ba za su bayar ba. Muka zargi ruwa, muka zargi firji, muka zargi ɗaukewar wuta, ni ma na zargi hannuna. Kusan shekara biyu muna wannan.

Wata safiya ina tare da ita a kwata ta yi wa Malam Dabo ƙorafin abin, a matsayin hira kawai. Ya ce ta faɗa masa ranakun da abin ke ƙi. Ta buɗe littafin da take rubuta gwaje-gwajenta ta karanto. Yana goge wuƙa yana saurare.

"Ai waɗannan duk washegarin kasuwa ne," ya ce. "Dabbobin da aka loda a mota daga nesa, kwana biyu, uku, ba ci ba sha. Waɗancan ranakun kuwa na kiwon gida nike yankawa. Ke ba ki lura da hantarsu ba? Ta dabbar da ta sha hanya daban take."

Dakta Ladi ta tsaya da littafin a buɗe. Sannan ta ce, "Malam, shekara biyu ina duban faranti, ban taɓa tambayar daga ina akuyar ta fito ba."

Muka koma muka raba tsibiran dabbobin gida da na dabbobin kasuwa. Tsibiran dabbobin da suka sha wuya, maimakon mu zubar kamar da, sai ta ce mu ajiye su a ruwan da ke da abinci isasshe, mu rage musu suga don kada a matsa musu, mu bar su su huta. Kwana ɗaya, biyu, har biyar, ba labari. A rana ta shida, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, na auna na ga insulin. Na kai mata takardar. Ta duba ta ce, "Sake aunawa." Na sake. Ta ce in sake. Bayan na uku ta jawo kujera ta zauna, ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Daga baya ta ce, "Ashe ba mutuwa suke yi ba. Ajiye aiki suke yi."

Muka shekara muna maimaitawa, ta rubuta takarda ta aika wa wata mujallar masana a ƙasar waje. Suka karɓa, saura gyare-gyare kaɗan. A nan ne na gano abin da na yi. Ina bin tsofaffin rubuce-rubucena sai na ga a wani zagaye na gwajin na musanya lambobin faranti biyu, na rubuta na dabbar gida a matsayin na dabbar kasuwa. Kuskuren ya sa sakamakonmu ya fi yadda yake kyau. Ba wanda zai taɓa ganewa in ban faɗa ba. Kwana uku ina ɗauke da abin. A na huɗu na same ta a ofis bayan azahar.

"Dakta, akwai maganar da nake so in yi."

"Ina jin ki."

Na ajiye littafin na nuna mata. Ta bi layin da yatsa har ƙasa, ta koma sama ta sake bi.

"Yaushe kika gani?"

"Ranar Litinin."

"Yau Alhamis." Ta dube ni. "Kwana ukun nan su ne laifinki, Rahama. Musanya lamba kowa na yi, ni ma na yi. Zauna ki rubuta wa mujallar, ki ce mun janye takardar sai mun sake gwaji. Ni zan sa hannu."

Na fara kuka, na ce ni na jawo mata asarar aikin shekaru. Ta miƙo mini hankici ta ce in gama kukan da wuri, don gobe da sassafe akwai zuwa kwata. Wata tara muka yi muna sakewa daga farko. Abin da muka gano ya tabbata, sai dai bai kai yadda muka zata ba: a da mun ce takwas cikin goma na farfaɗowa, yanzu muka ga biyar ne. Haka ta rubuta. Takardar ta fito a 2014, da sunana a kai, da na Malam Dabo. Da editan ya tambayi wace cibiyar bincike ce tasa, ta amsa masa cewa mahauci ne a kwatar Katsina, kuma ba don shi ba da babu takardar.

Kullum tana tuna mana cewa akuya ba mutum ba ce. Don haka ta haɗa kai da Dakta Aminu, likitan masu ciwon suga a wani asibiti a cikin gari, suka fara bibiyar marasa lafiya sirara irin mahaifinta. Duk wata uku a ɗebi jininsu a auna ko jikinsu ya fara yin nasa insulin, in ya fara sai likita ya rage allura a hankali. Na tuna Malam Sule, wani manomi daga Batagarawa, da ke ajiye kwalbar allurarsa a cikin tulu a kan jiƙaƙƙen yashi don ba shi da firji. Sau biyu yana suma a gona kafin a kawo shi. Bayan wata takwas ana aunawa ana ragewa, Dakta Aminu ya mayar da shi kan ƙwaya. Wasu da yawa kuma an auna an ga babu canji, aka ce su ci gaba da allurarsu.

Labari ya fita gari, kuma ya fita a karkace. Aka riƙa cewa wata likita a jami'a ta gano ana warkewa daga suga, allura ba dole ba ce. Wata mata a unguwarmu, mai 'ya'ya biyar, ta ji haka ta ajiye allurarta ba ta gaya wa kowa ba. Bayan mako biyu aka kai ta asibiti ba ta san inda take ba, ta rasu washegari. Ni na kai wa Dakta Ladi labarin. Ta tambaye ni gidan, ta ce in raka ta.

Ta yafa mayafi muka shiga wurin zaman makoki. Ta gaisa da mata, ta yi ta'aziyya, sannan ta matsa kusa da uwar mamaciyar ta ce, "Inna, ni ce Ladin da ake cewa ta ce a daina allura. Ban faɗi haka ba, amma daga aikina maganar ta taso, kuma ban fito na gyara ta da wuri ba. Na zo in ba ku haƙuri." Tsohuwar ta dube ta ta ce kwana ne ya ƙare, Allah ya riga ya rubuta. Sai ta ƙara da cewa, "Amma ɗiyata, ki je ki faɗa wa sauran."

Ba ta son magana a bainar jama'a, amma tun daga watan ta fara shiga rediyo duk ranar Laraba tare da Dakta Aminu. Da Katsinancinta tsantsa take bayani, har masu bugo waya ba sa yarda in an ce iyayenta mutanen Kagoro ne. Kowane shiri da magana ɗaya take buɗe shi: kada kowa ya rage allura ko ya daina sai an auna jininsa, likita ya ce. Shekara takwas tana wannan. Ta taɓa gaya mini cewa shirin ya fi kowace takarda da ta rubuta ba ta wahala, don a takarda in ka yi kuskure masana ne za su kama ka, a rediyo kuwa wani ne zai kwanta asibiti.

Yanzu farfesa ce, ko da yake a kwata da unguwa Dakta ake ce mata. Ɗalibanta suna Kano, suna Jos, akwai biyu a Yamai, kowa da kularsa da mahaucinsa. An gayyace ta taro a ƙasashe da dama. Sitonta na da ya zama ɗakuna uku da sola a kan rufi. Jan biron yana nan.

Bara na kammala wani bincike nawa a kan marasa lafiyar da suka sha yunwa suna yara. Na ga cewa su tsibiransu tun asali kaɗan ne, hutu ba ya ƙara musu komai, kuma su ne suka fi yawa a cikin siraran da muke gani. Wannan ya saɓa wa abin da Dakta Ladi ta shekara goma tana koyarwa, cewa yawancinsu masu farfaɗowa ne. Na kai mata. Ta yi gardama sosai, ta ce mutanen da na auna ba su isa ba, ta ce in kawo mata duk littattafan gwajina. Na kai. Mako biyu ba ta ce mini komai ba sai gaisuwa.

Ranar wata Asabar da la'asar sai ga ta a gidanmu a Ƙofar Durbi. Ta durƙusa ta gaida mahaifiyata, suka yi ta ya gida ya jikoki, aka kawo mata fura ta sha. Sannan ta ciro takardata daga jaka, ja ko'ina.

"Waɗannan gyaran rubutu ne kawai," ta ce. "Lissafinki daidai ne, na bi shi sau uku, na kuma sa Ezekiel ya bi. Ni ce na yi kuskure. Ki aika. Kuma ranar Litinin ke za ki ɗauki ajina, ki koya musu wannan."

Ranar Litinin na tsaya gaban ɗalibai arba'in na yi bayanin inda malamarsu ta kauce. Tana zaune a bencin baya da littafi tana rubutu. Da na gama na ce ko akwai mai tambaya, ita ta fara ɗaga hannu. Ta ce, in yunwar yarinta ce ke rage tsibiran, yaro yana ɗan shekara nawa abin ke faruwa, kuma in an ciyar da yaro kafin lokacin, za a iya tare shi?

Na ce ban sani ba.

"Ni ma haka," in ji ta. Ta duba agogo, ta ce wa ɗaliban su tashi, ni kuma in same ta a ofis da ƙarfe biyu mu ga ta inda za a fara.